Yadda Ake Zaɓen Hedifon da Ba Ya Ƙara wa Sauti Gishiri

In ka shiga shagon kayan waya a PZ ko cikin kasuwar Sabon Gari a Zariya ka ce kana son hedifon mai kyau, yaron shago zai ɗora maka wanda ke dukan ƙwaƙwalwa, ya ƙure murya, ya ce, "Yallaɓai, ji bes!" Ba laifinsa ba ne, abin da kasuwa ke nema ke nan. Amma akwai masu son su ji abin da aka ɗauka kamar yadda aka ɗauke shi: muryar mai karatu a inda take, kalangu da amonsa na gaskiya, ba ƙari ba ragi. Da irin waɗannan nake magana, musamman wanda kuɗinsa ba su taka kara sun karya ba.

Mataki na farko: san abin da kake nema

Kunnen ɗan'adam mai lafiya yana jin sauti daga 20 Hz zuwa 20,000 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), kuma saman yana raguwa da shekaru. Ka raba wannan fili gida uku. Ƙasa shi ne bes, rugugin babbar ganga. Tsakiya nan muryar mutum take, da goge da gurmi. Sama kuwa kaifi ne, irin sautin "s" da "sh" da ƙarar ƙarfe. Hedifon mai adalci ba ya fifita ɗaya a kan sauran. Yawancin na kasuwa suna ɗaga ƙasa da sama su danne tsakiya, shi ya sa suke burgewa a minti biyun farko, bayan awa ɗaya kuma kai ya ɗau zafi. Miya ce aka cika wa magi: lomar farko daɗi, amma ba ka jin kubewar.

Lambobin da ke jikin kwali, irin "5 Hz zuwa 40,000 Hz", kada su ruɗe ka. Suna faɗin iyakar da abin yake kaiwa, ba sa faɗin ko yana rabon daidai a tsakani.

Mataki na biyu: dubi inda za ka zauna da shi

Wannan ya riga zancen sunan kamfani. Hedifon iri biyu ne. Akwai mai buɗaɗɗen baya, wanda bayan kofinsa raga ce, iska na shiga tana fita. Sautinsa ya fi sakewa, kamar kana zaune a zaure ana kiɗa a gabanka, kuma a kuɗi ɗaya yakan fi mai rufi adalci. Matsalarsa ba ya tare hayaniya ko kaɗan. In janaretan maƙwabci na ruri, ko ɗakinka na kallon titin Kwangila, duk za ka sha su tare da waƙar, na kusa da kai kuma zai ji abin da kake ji. Ɗalibin da ke kwana da mutum huɗu a ɗaki a Samaru ko Kongo ya manta da shi kawai.

Mai rufaffen baya yana tare ƙara, sai dai a zafin Maris da Afrilu kushinsa na fatar roba zai jiƙa maka kunne da gumi. Kushin karammiski ya fi sanyi. Sannan mai rufi ya dogara da mannewa: ƙafar tabarau, ko ɗankwali, ko gefen hula in ya shiga tsakanin kushin da fata, bes ya zube. Ga mai hijabi da mai tabarau, iyafis na cikin kunne yakan fi dacewa, kuma gaskiya a ƙaramin kuɗi shi ne ya fi ba da sauti mai kyau a yau.

Mataki na uku: me za ka jona shi?

A jikin kwali akwai lamba mai alamar om, wato nauyin da hedifon ke ɗora wa abin da ke tura masa sauti. Mai om 32 zuwa 60 da wani abu, waya ko kwamfuta za ta iya da shi galibi. Mai 250 ko 300 yana son amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, in ba haka ba sai ya yi maka sanyi-sanyi kamar mai azumi. Ka duba kuma lambar saurin amsawarsa, wadda ake rubutawa da dB, wato desibel, ma'aunin ƙarfin sauti. In ta yi ƙasa, ko om kaɗan ne zai nemi wuta.

Wayoyi da yawa yanzu ba su da ramin hedifon. Ɗan gajeren kebul na USB-C mai juya sauti ya wadatar. Na Apple, wanda farashinsa a Amurka bai kai dala 10 ba, ya yi suna wajen tsabtar sauti, amma ka sani na kasuwar Turai rabin ƙarfin na Amurka yake fitarwa, kuma a wasu wayoyin Android muryarsa kan yi ƙasa. Ni shawarata, in kuɗinka kaɗan ne ka ɗauki hedifon mai waya, ka bar Bluetooth. A marar waya kana biyan kuɗin batir da makirfo da na'urar kashe hayaniya, abin da ya rage wa sautin kaɗan ne, kuma ranar da batir ya mutu an gama.

Mataki na huɗu: taƙaita sunaye kafin ka je kasuwa

A nan ne mutane ke ɓacewa, don haka bari in ɗan daɗe. Masu gwaji suna auna hedifon da kan mutum na roba mai makirfo a kunne, su fitar da zane mai layi daga bes zuwa kaifi. Sabon shiga yakan nemi layi miƙaƙƙe sambal. Kuskure ne. Ramin kunne da kansa yana ƙara wa sautin da ke wajen 3,000 Hz ƙarfi in ya zo daga waje, to hedifon mai adalci dole zanensa ya yi tudu a nan. Kamfanin Harman, ƙarƙashin binciken Sean Olive da abokan aikinsa tun wajen 2013, ya fitar da layin da yawancin masu saurare suka fi so, kuma da shi ake yawan kwatanta hedifon yanzu. Layin yana da ɗan ƙarin bes, shi ya sa har yau ake gardama ko shi ne adalci tsantsa. Kai dai abin da za ka guje wa a zane shi ne ƙaton tudu a bes da ya malalo cikin murya, da tsini mai tsawo a wajen 8,000 Hz, wanda ke sa "s" ta riƙa sukar kunne.

Ga waɗanda suka daɗe ana yarda da su. Sony MDR-7506, mai rufi, om 63, yana kasuwa tun 1991, gidajen rediyo da masu ɗaukar fim sun san shi. Kuɗinsa wajen dala 100, yana da ɗan kaifi, kushinsa kuma yana ɓarewa da tsufa. AKG K371, mai rufi, om 32, na 2019, an gina sautinsa kusa da layin Harman. Audio-Technica ATH-M40x ma yana cikin sahu. A masu buɗewa, Sennheiser HD 560S mai om 120 ya fito a 2020 a wajen dala 200. Yayansa HD 600, mai om 300, tun 1997 ake auna sauran da shi wajen fitar da murya, amma shi da amfilifayarsa sun wuce matsakaicin aljihu sai in ka samu na hannu. A iyafis kuwa, 7Hz Salnotes Zero da Moondrop Chu, na kamfanonin Sin, sun fito a wajen dala 20, sun kuma kunyata waɗanda suka ninka su tsada.

Ban kawo farashi da naira ba don canji ba ya kwana wuri ɗaya. Ka lissafa da na ranar, ka ƙara kuɗin kawowa, ka ware kaɗan na kebul da kushin canji.

Mataki na biyar: gwada da abin da kunnenka ya sani

Kada ka yarda a gwada maka da waƙar shago. Je da naka a waya, mai kyawun ɗauka, ba wanda ya bi ta WhatsApp sau goma ba. Abu uku sun isa. Muryar mutumin da ka sani ido da ido, ko karatu ko wa'azi: in ta koma kamar daga cikin tulu, tsakiya a danne take, in ta yi hanci-hanci, an ɗaga ta. Sai kiɗan gargajiya da ka taɓa tsayawa kusa da shi. Bazazzagin da ya je kallon hawan sallah a ƙofar fada ya san yadda kakaki da algaita da tambari suke a fili, wannan ma'auni ne da ba a saye. A kalangu ka saurari bugun da sakin igiyar, ko suna fita daban-daban ko sun cakuɗe. Na uku, waƙar zamani mai bes, ka ji ko muryar na nan a sarari lokacin da gangar ta sauka.

In kana kwatanta biyu, daidaita ƙarfin muryarsu. Wanda ya fi ƙara kullum shi kunne ke cewa ya fi daɗi, masu shago sun san haka sarai. Ka bar shi a kanka ko da minti goma ne. Wanda ke matse maka muƙamuƙi a shago ba zai tuba a gida ba.

Mataki na shida: jabu da na hannu

Yawancin waɗannan ba a ajiye suke a shagunan Zariya ba, sai an yi odar su daga Legas, Kano ko waje. To a nan jabu ke shigowa, MDR-7506 ma na cikin waɗanda aka fi kwaikwaya. Na taɓa sayen wani a rabin kuɗi ina murnar na yi wayo. Kwali ya yi kyau, amma kunnen hagu ya fi na dama ƙara. In araha ta yi yawa, bar ta. Nemi rasit da yarjejeniyar mayarwa kafin ka tura kuɗi.

Na hannu ba aibi ba ne in ka duba. Kunna murya ɗaya ka ji ko tana tsakiyar kanka, ba ta karkata gefe ba. Kunna bes mai zurfi ka saurari kakkarwa, alamar gashi ko ƙura ko yagewa a ciki. Murɗa kebul a bakin mahaɗa. Fifita wanda ake cire kebul ɗinsa da kushinsa, domin su ne ke fara mutuwa, kuma kushin da ya lotse yana canza sauti.

Bayan ya shigo hannu

Makon farko zai iya yi maka lami, saboda kunne ya saba da magi. Ba shi kwana bakwai kafin ka yanke hukunci. In har yanzu akwai abin da ke damunka, manhajar Wavelet a Android ko Equalizer APO a Windows za su gyara, sai dai a taɓa kaɗan-kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako a kan desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. In hunturu ya kama, kada ka rataye mai buɗaɗɗen baya a ƙusa. Sa shi a jaka ko durowa, ka goge kushin da ɗan ƙyalle mai laima bayan gumi.