Kurakuran da ke hana mutane jin daɗin tsofaffin fina-finan gidan fatalwa

Sai ka ji mutum na cewa wai tsofaffin fina-finan gidan fatalwa barci ma suke sa shi, alhali yawanci yadda ya kalla ne ya ɓata masa.

Babban kuskuren shi ne kallo a waya da rana tsaka, an rage murya, ga yara na guje-guje ga saƙon WhatsApp na ta shigowa. The Haunting da Robert Wise ya yi a 1963 rabin tsoronsa a kunne yake, bugu ne ake yi a bango yana matsowa yana nisa, sai ƙofar katako ta riƙa kumburowa kamar mai numfashi, to ispikar waya ina za ta iya da wannan? Bari sai dare, ka kashe fitila ka sa iyafis.

Sai masu zaman jiran dodo ya fito da haƙora. Har The Haunting ɗin nan ya ƙare ba a nuna fatalwa ba ko sau ɗaya, kuma da gangan ne. Akwai inda jarumar fim ɗin, Eleanor, take kwance cikin duhu tana jin kukan yaro ta bango, ta ƙanƙame hannun da ta ɗauka na abokiyar kwananta Theo ne, ana kunna fitila sai ga Theo can a ɗaya gefen ɗakin. To hannun wa ta riƙe? Ni dai wannan ya fi min duk wani jini da ake zubarwa a fina-finan yanzu tada tsigar jiki.

Jan fim gaba ma cuta ce, wai ana neman inda abin tsoron zai fara. A The Changeling na 1980, jarumin fim ɗin, George C. Scott, ya je kan gada ya jefa wata 'yar ƙwallo cikin ruwa, yana dawowa gida sai ga ta tana gangarowa daga saman bene a jiƙe. In ka tsallake farkon ba za ka san ƙwallon 'yarsa ce da ta rasu a haɗari ba, shi ke nan ka ga ƙwallo kawai.

Kuma don Allah a riƙa duba shekara kafin a sauke. An sake yin The Haunting a 1999 aka cika shi da fatalwowin kwamfuta, mutane da yawa shi suka kalla suke zagin na asali. Mai baƙi da fari za ka nema.