Rubuta aikin kafin ka ba magini kafin alƙalami

Da zan gina ɗaki biyu a Kano, da baki muka yi ciniki da magini. Sai ga bulo inci 6 a katangar waje, alhali inci 9 nake nufi. Ya ce ai ban faɗa ba, kuma gaskiyarsa.

Yanzu takarda nake fara cikawa. Rubuta tsawo da faɗin kowane ɗaki, zurfin harsashi, kaurin rodi, irin kwanon rufi, da bulo nawa za a buga da buhun siminti ɗaya. Fayyace wanda zai sayi yashi da tsakuwa, har ruwa, don kuɗin 'yan garuwa kaɗai ya isa haɗa ku faɗa. Raba biyan kashi-kashi: harsashi, linta, rufi, fulasta. Ku sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.