Yadda Za Ka Daidaita Zanen Jirgin Ruwa Kafin Ka Yanka Katako

Masu yawan tambayata yadda nake daidaita girman zane don ƙera ƙaramin samfurin jirgin ruwa da katako, ga yadda nake yi:

1. Shiga Wikimedia Commons, shafin hotuna na kyauta a intanet, ka nemo tsofaffin zanen jiragen Ingila na gidan tarihin Greenwich da ke Landan.
2. Sauke mafi girma, ƙananan ba sa nuna layuka sosai.
3. Buɗe shi a Inkscape, manhajar zane a kwamfuta, kyauta ce.
4. Danna alamar kwaɗon kulle ƙofa don kada tsawo ya rabu da faɗi.
5. Nemo ma'aunin da ke jikin zanen.
6. Ja hoton har ƙafa 4 a kan ma'aunin ta zama inci 1, wato 1:48, girman da na fi so.
7. Buga a kan 100%. Hattara! Nan ake yawan ɓata aiki, don firinta takan rage zanen da kanta.
8. Sa rula ka sake aunawa.