Yadda Ake Zaɓar Sunan Namiji Irin na Mutanen Wales na Zamanin Da

Mai rubuta labarin tarihi ko wasan kwaikwayo da ya shafi ƙasar Wales tsakanin ƙarni na 11 da na 15 yakan yi tuntuɓe tun daga suna. Sai ka ga an kira jarumi Jones ko Evans, alhali a lokacin babu sunan gida da ake gada. Mutum da sunan ubansa ake saninsa, kamar yadda muke cewa wane ɗan wane.

Da farko ka tsayar da ƙarni. Sunaye irin su Rhodri, Hywel, Owain, Rhys, Gruffudd, Cadwgan da Bleddyn tsofaffi ne, sun dace da kusan kowane lokaci. Amma Gwilym daga William ya samo asali, bai shigo ba sai bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. Idan talaka kake nema ba basarake ba, takardar harajin Merioneth, wani yanki na Wales, ta 1292 zuwa 1293 ta fi komai amfani: Madog, Dafydd, Iorwerth, Einion, Adda da Ieuan ne suka cika ta. Kada ka ji tsoron maimaici. Ƙauye guda yana iya ɗaukar Madog biyar.

Sai ka haɗa shi da sunan uba. Kalmar mab, wato ɗa, ita ce ta gajarce ta zama ap da ab. A ƙa'idar da ake bi, ap tana zuwa gaban baƙi, ab kuma gaban wasali: Madog ap Rhys, Ieuan ab Einion. Ana iya ƙara kaka, a ce Dafydd ap Gruffudd ab Owain, musamman ga mai gadon ƙasa, tunda nasaba ce hujjarsa. Sunan uba shi ma na yanka ne zalla, ba na gida ba.

Laƙabi shi ne wurin da aka fi yin kuskure, shi ne kuma ke sa wa suna rai. Kamar Dogo ko Ƙarami a wurinmu, su ma suna da coch ja, du baƙi, bychan ƙarami, moel mai sanƙo, llwyd mai furfura. Sai dai harafin farko yakan yi laushi idan ya biyo suna. Coch ya koma Goch, du ya koma Ddu, bychan ya koma Fychan, moel ya koma Foel. Shi ya sa aka ce Hywel Dda, Hywel nagari, daga kalmar da, aka kuma ce Llywelyn Fawr daga mawr, babba. Ba kullum ake yi ba: Rhodri Mawr bai canza ba, Llwyd ma yawanci haka yake zama. Don haka ka nemi laƙabin a jikin sunan wani mutum na tarihi kafin ka ɗauka.

Daga nan ka zaɓi salon rubutu guda ka tsaya a kai. Magatakarda na lokacin da Latin suke aiki, sukan rubuta David maimakon Dafydd, Griffinus maimakon Gruffudd, filius maimakon ap. Gauraya biyun a suna ɗaya na tona asiri nan take. Ga mai karantawa da ƙarfi, dd ana furta shi kamar zalun na Larabci.

Ƙarshe ka tace. Powell, Price, Bowen da Bevan duk ap Hywel, ap Rhys, ab Owain da ab Evan ne suka narke, Vaughan daga Fychan, Lloyd daga Llwyd. Zamansu sunan gado ya yaɗu ne sannu a hankali bayan dokokin 1535 da 1542 da suka haɗe Wales da Ingila, ƙauyuka kuwa sun daɗe ba su saki tsohon tsari ba. Haka Aled da Glyn, ko da yake suna da daɗin ji, sunan kogi ne da kalmar kwari, sai a zamanin nan aka fara raɗa wa yara su.