Yadda na gyara giyar motata mai saurin canzawa

Alhamdulillah, na huta. Tsohuwar motata ce mai giya 4 otomatik, in na take totur har ƙasa sai ta haye giya ta gaba tun allurar da ke nuna gudun juyin inji na kan 3,500, ba ta ja ko kaɗan wajen wuce mota. Na canza man giya da filta, shiru. Makunnin ƙarƙashin totur, wanda ke sa mota ta sauko giya in an take har ƙasa, shi ma lafiyarsa ƙalau, yana ƙas in na danna.

Ashe kebul ɗin da ya tashi daga totur zuwa giyabos ne ya saki. Na kashe inji, na ɓalle kan kebul ɗin, na riƙa juya notin robar da ke jikinsa rabi rabi har sakin ya ɓace amma bai ɗaure tam ba, juyi 2 ya ci, na mayar. Yanzu sai ta kai wajen 5,500 take canzawa.