Yadda za ku kalli fim ɗin Batteries Not Included tare da yaranku

Wannan fim ya fito ne a Amurka a watan Disamba na 1987. Matthew Robbins ne ya ba da umarni, Steven Spielberg kuma yana cikin manyan masu shirya shi. Labari ne na wasu 'yan haya da ke zaune a wani tsohon bene a unguwar East Village ta birnin New York, waɗanda wani attajiri mai harkar gine-gine yake son ya kora domin ya rushe gidan ya gina dogayen benaye, sai ga wasu ƙananan na'urori masu rai sun sauko daga sararin samaniya suna gyara duk abin da aka fasa musu. Duk wanda ya ji wannan bayani zai ɗauka wasan yara ne kawai, ya kunna musu ya tafi harkarsa. Shawarata ita ce kada ku yi haka, domin barkwancin da ke ciki an ɗora shi ne a kan tsufa da rashi da tsoron rasa muhalli, kuma yaro yana bukatar babba kusa da shi idan an iso waɗannan wurare.

Abu na farko shi ne ku kalle shi ku kaɗai kafin ranar da za ku tara yara. Bai kai awa biyu ba. A tsarin tace finafinai na Amurka an ba shi alamar PG, wato ana son iyaye su duba kafin ƙananan yara su kalla, kuma akwai dalili. Akwai 'yan daba da ke fasa kaya da tsorata tsofaffi, akwai wasu kalamai marasa daɗi, akwai gobara babba, sannan ɗaya daga cikin 'yan hayar, Marisa, tana da juna biyu alhali uban cikin ba ya tare da ita. Kowane gida da ma'auninsa, don haka ku ne za ku yanke shawarar abin da za ku tsallake da abin da za ku tsaya ku yi bayani a kansa. A ganina yaron da bai kai shekara bakwai ba zai fi jin tsoron wutar fiye da jin daɗin na'urorin.

Kafin ku kunna, ku ɗan share wa yaran fage da abin da ya sa ake rigima a kan gidan, in ba haka ba za su ɗauka mugunta ce kurum ba tare da sanadi ba. A New York akwai dokokin da ke taƙaita ƙarin kuɗin haya kuma suke hana mai gida korar ɗan haya yadda ya ga dama, ɗaya daga cikinsu tun 1969 take aiki. Saboda haka mai son rushe tsohon gini yakan yi wa mazauna tayin kuɗi su tashi da kansu, idan kuma suka ƙi, marasa tsoron Allah sukan koma ga takurawa. A shekarun 1970 an yi fama da ƙone-ƙonen gidaje a wasu unguwannin talakawa na birnin, har da waɗanda aka cinna da gangan domin a karɓi kuɗin inshora, shi ya sa za ku ga benen yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar kangaye. Ba sai kun faɗa wa yaro duk wannan ba. Ya isa ya san cewa mutanen suna da haƙƙin zama, kuma ana son a gajiyar da su ne har su haƙura.

Game da harshe, fim ɗin da Turanci yake, amma kada ku ɗora wa kanku fassara kowace magana. Na'urorin ba sa furta ko kalma ɗaya, da idanunsu masu haske da motsin jikinsu suke bayyana farin ciki ko tsoro, kuma Harry, tsohon ɗan damben da ke zaune a gidan, shi ma da ƙyar yake buɗe baki. Ku bar yaran su karanta waɗannan wurare da kansu, ku riƙa tambayarsu abin da suke jin na'urar tana nufi. Za su yi dariya sosai a inda baƙin suke neman wutar lantarki da tarkacen ƙarfe a matsayin abinci, da inda suke taya aiki a ƙaramin gidan abincin da ke ƙasan benen, kuma nan babu abin da ake so daga gare ku illa ku yi dariyar tare da su.

Inda ya kamata ku fi natsuwa shi ne kan Faye, matar Frank mai gidan abincin. Hume Cronyn da Jessica Tandy ne suka fito a matsayin waɗannan tsofaffi biyu, kuma a zahiri ma mata da miji ne a lokacin, domin sun yi aure tun 1942, abin da ake iya gani a yadda yake kallonta idan ta faɗi abin da ba daidai ba. Faye tana fama da ciwon mantuwa na tsufa. Ɗansu Bobby ya rasu da daɗewa, amma ita tana ɗaukar Carlos, shugaban 'yan dabar da aka turo su kore su, a matsayin ɗan nata, tana yi masa magana da tausayi irin na uwa. Yara da yawa za su yi dariya a karon farko, kuma bai kamata a tsawata musu ba, tunda an shirya wurin ne da ɗan raha. Abin da ya dace shi ne ku dakatar da fim ɗin bayan karo na biyu, ku gaya musu a sauƙaƙe cewa wannan rashin lafiya ce ta ƙwaƙwalwa da ke samun wasu tsofaffi, ba hauka ba ce kuma ba wasa take yi ba, sannan ku ja hankalinsu ga haƙurin da Frank yake yi da ita. Ku lura kuma cewa na'urorin da suka iya mayar da fasassun kaya sababbi ba su warkar da Faye ba. Idan yaro ya tambayi dalili, ku amsa masa da gaskiya cewa akwai abin da gyara ba ya kai wa gare shi, kuma kulawar mutanenta ce take riƙe da ita.

Wuri na biyu da ke girgiza ƙananan yara shi ne lokacin da na'urar mace ta haifi 'ya'ya uku, ɗaya ya fito ba ya motsi. Idan kun ga idon yaro ya cika da hawaye, babu laifi ku raɗa masa cewa Harry zai farfaɗo da shi. Haka nan ku yi a wurin gobara, inda Faye take cikin gidan yana ci da wuta, kuma Carlos ɗin nan da suka tsana tun farko shi ne ya fito da ita.

Bayan an gama, kada ku yi hanzarin tambayar darasin da suka koya. Ku tambaye su wanne ne cikin 'yan hayar ya fi ba su tausayi, da abin da ya sa maƙwabtan da a farko kowa ke harkar gabansa suka koma cin abinci da shawara tare tun kafin a sake gina musu gidan. Manyan yara kuma za su ji daɗin sanin cewa an yi fim ɗin ne kafin zanen kwamfuta ya mamaye harkar, kuma kamfanin Industrial Light & Magic, mai haɗa dabarun hoto a finafinai, ya yi amfani da ƙananan samfura na gaske wajen nuna na'urorin, don haka kuna iya mayar da wani wuri baya ku bar su su yi ƙoƙarin gano yadda aka sa su tashi sama.