Yamai zuwa Jidda: kada agogo ya ruɗe ku

Salamu alaikum 'yan uwa masu shirin Umara. Daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zuwa Jidda kusan kilomita 4,000 ne a miƙe. Jirgin fasinja yakan ci kilomita 800 zuwa 850 a awa, ke nan kusan awa 5, in an haɗa da lokacin tashi da sauka awa 5 da 'yan kai, idan babu sauka a hanya.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne tikiti. Kowane lokaci da aka rubuta na garin da ake ciki ne, kuma Saudiyya tana gabanmu da awa 2. Jirgi ya tashi ƙarfe 10 na dare, ka ga an rubuta sauka ƙarfe 5 da rabi na asuba, sai ka zaci awa 7 da rabi ne. A'a, cire 2. A dawowa kuma ƙarawa ake yi.

In za a ratsa ta Addis Ababa ko Istanbul, jiran jirgi na biyu ne ke cin rana, a duba shi kafin a biya kuɗi.

Mutanen Tahoua, ku kwana Yamai tun jajibiri. Hanyar mota ta haura kilomita 500, kuma ana son mutum a filin jirgi awa 3 kafin tashi.